ZARE: Dutsen Dala, daga wurin bautar Tsumburbura zuwa wurin ɗaukar hoto

1/
Duk mai bibiyar shafukan 'yan Kano ya san hoton nan: mutum tsaye a saman Dala, ya sha shadda ko atamfa, birni shimfiɗe a bayansa iya ganin ido. To amma mu nawa ne muka san abin da ake yi a gindin dutsen nan shekara dubu da ta wuce? Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/
Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne hotunan wasu wuraren bautar 'yan Hindu guda biyu da ke ta yawo a Instagram da TikTok, ɗaya a Malesiya, ɗaya a Indonesiya. Zan fara da su a taƙaice, don labarinsu zai haska mana namu. Daga nan sai mu dawo gida.

3/
Na farko shi ne Batu Caves, kogo a cikin wani ƙaton dutse, kimanin kilomita 13 arewa da Kuala Lumpur. Wajen 1890 wani attajiri ɗan ƙabilar Tamil, K. Thamboosamy Pillai, ya mayar da shi wurin bautar Murugan. Tun 1892 ake yin bikinsu na Thaipusam a can duk shekara.

4/
Kafin ka shiga kogon sai ka hau matattakala 272. A 2006 suka kafa gunkin Murugan mai ruwan zinare a bakin hanyar, tsayinsa mita 42.7. Sai a watan Agustan 2018 masu kula da wurin suka shafe matattakalar da fenti kala-kala kamar bakan gizo. Nan take hotuna suka cika intanet.

5/
Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta yi ƙorafi cewa ba a nemi izininta ba kafin a yi fentin. Amma aikin gama ya gama. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Murugan ba suka shiga yankar tikitin jirgi don kawai su zauna a kan matattakalar a ɗauke su.

6/
Na biyu shi ne Lempuyang, a gabashin tsibirin Bali. Akwai wata ƙofa mai ginshiƙai biyu da ta saka dutsen Agung a tsakiya. A hoto za ka ga mutum tsaye a ƙofar, ga wani tafki garai-garai a gabansa yana nuna surarsa. Mutane na karɓar lamba su yi awanni a layi saboda hoton nan.

7/
Babu tafki fa. 😅 Madubi ne mai ɗaukar hoton yake karawa a ƙasan kyamarar waya. A 2019 maganar ta fashe a Twitter, bayan wasu sun je sun tarar da dandamali busasshe. Duk da haka layin bai ƙare ba. Mutane sun san dabarar, kuma hoton suke so.

8/
Ku riƙe abu ɗaya daga waɗannan wurare biyu, zan dawo kansa: har gobe suna da masu su. Akwai masu ibada a ciki, su ke share wurin, su ke kafa doka. In ka je da gajeren kaya sai an ɗaura maka zani kafin ka wuce. Mai ɗaukar hoto baƙo ne, kuma ana tuna masa.

9/
To mu dawo gida. Mu mutanen Gwarzo da Kabo, in muka shiga mota muka wuce Garo, Rimin Gado, Janguza, muka sauka Kabuga, abin da ke fara yi mana maraba shi ne Goron Dutse. Ɗan'uwansa Dala na can ciki, gidaje sun kewaye shi. Duwatsun nan biyu sun girmi sunan Kano kansa.

10/
Dala ba wani dogon dutse ba ne, cikin 'yan mintuna ka hau. Abin lura shi ne launinsa. Jan nan da kuke gani a hoto alamar tama ce, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Ita ce ta fara jawo mutane wurin, tun kafin a yi maganar sarauta ko ganuwa.

11/
Masu binciken tarihi ta hanyar tono sun samu wurin narka tama a kusa da Dala. Da aka gwada shekarun gawayin da ke ciki, sai ya nuna wajen ƙarni na 7 miladiyya. Ku tuna an yi Hijira a 622. Kenan a wannan ƙarnin akwai masu hura wuta suna fitar da ƙarfe a nan.

12/
Tarihin baka ma ya tafi a kan haka. Abagayawa, tsofaffin maƙeran birni, suna cewa kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano da ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a Dala, ya zauna. Tono da tarihin baka duk sun haɗu a kan ƙarfe.

13/
Sauran labarin daga littafin Tarihin Kano yake. Da Larabci aka rubuta shi, ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya buga fassarar Turanci a 1908, ta Hausa kuma ta fito cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933.

14/
Gargaɗi biyu kafin mu shiga. Ɗaya, shekarun da zan kawo lissafi ne da aka yi daga tsawon mulkin kowane sarki, ana ƙirgawa baya, don haka kusan-kusan ne. Biyu, marubucin Musulmi ne da ya rayu ɗaruruwan shekaru bayan Barbushe. Da idonsa muke kallon mutanen.

15/
Littafin ya ce wani mutum ne mai suna Dala, mafarauci ƙaƙƙarfa, ya zo ya gina gida a kan dutsen, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Daga zuriyarsa aka samu Barbushe. An ce da sanda yake kashe giwa, ya ɗora ta a ka ya yi tafiya mai nisa da ita.

16/
Barbushe shi ne babban mai hidimar abin bautarsu, Tsumburbura. Wurinta wata bishiya ce da ake kira Shamuz, an kewaye ta da katanga. Ba mai shiga sai shi kaɗai, kuma sun yi imani duk wanda ya kutsa kai ciki mutuwa zai yi.

17/
Sau biyu kawai yake saukowa daga dutsen a shekara. Idan lokacin ya matso, mutane su taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata. Wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Su taru a gindin Dala da yamma suna jira duhu ya yi.

18/
Da dare sai ya fito da makaɗansa, jama'a su bi shi zuwa wurin bishiyar, kowa ya yanka abin da ya kawo. Ya shiga shi kaɗai, ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekarar. A nan ne aka ce ya gaya musu wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su.

19/
Kun lura da wani abu? Yawancinmu muna cewa a saman Dala Tsumburbura take. Yadda littafin ya tsara labarin, saman dutsen gidan Barbushe ne, saukowa yake yi a tafi wurin bautar. Kenan inda kake tsayawa kana gyara hula, tsakar gidan mutumin ne. 😄

20/
Wani abin kuma: littafin ya ce ranakun Idi biyu yake saukowa, jama'a kuma su taru ranar jajibere. Idi kafin Musulunci ya zo? Marubucin ne ya auna lokacin da kalandar da ya sani. Irin waɗannan wurare ne ke nuna maka hannun wanda ya riƙe alƙalami.

21/
Akwai kuma kurmin Jakara, mai baƙin ruwa da bishiyoyi masu duhu, inda suke kai yanka idan masifa ta tunkaro. Jakarar dai da kuka sani, wadda yau ta koma magudanar ruwa. Sunan Kasuwar Kurmi ma daga wannan kurmi ya samo asali.

22/
Mutanen nan suna da tsarinsu. Littafin ya lissafa manyansu da sana'arsu: akwai maƙeri, akwai mai dafa giya, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare. Akwai Maguji, mai haƙar tama da narka ta, wanda aka ce shi ne kakan Maguzawa. Wasu masana kuma na cewa daga kalmar Majusu sunan ya fito.

23/
Baƙon ya zo. Shi ne Bagauda, wanda ake lissafa mulkinsa daga 999 zuwa 1063. Abin mamaki, zuwansa bai kawo ƙarshen Tsumburbura ba. Sarauta na hannun zuriyarsa, asirin bauta na hannun mutanen Dala. Haka aka zauna ana kallon-kallo kusan shekara 300.

24/
Jikansa Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ginin ganuwa, Dala tana ciki. Ɗansa Yusa ya kammala. Ga inda yankinmu ya shigo: littafin ya ce bayan an gama ginin, Yusa ya kai yaƙi Karaye, ya yi wata biyar a sansani kafin mutanen su miƙa wuya. Yammacin Kano na cikin labarin tun ƙarni na 12.

25/
Sarki Guguwa (1247 zuwa 1290) ya matsa sai sun faɗa masa asirin abin bautarsu, suka ƙi. Ya yi yunƙurin afka musu, labarin ya ce ya ƙare da makanta. Shekarau da ya gaje shi ya zaɓi sulhu: su kawo masa kyauta, ya bar su da al'adarsu.

26/
Tsamiya (1307 zuwa 1343) shi ne bai ɗauki wannan ba. Ya tara mayaƙa, da wani jaruminsa Bajeri, suka kutsa cikin wurin bautar suka rushe katangar. Ku lura, wannan kafin littafin ya ambaci zuwan Musulunci fada ne. Rigimar a lokacin ta iko ce: wa ke da gari, mai takobi ko mai asiri?

27/
Sai zamanin Yaji (1349 zuwa 1385). Wangarawa suka iso daga Mali, su wajen 40, shugabansu Abdurrahman Zaite. Suka kira sarki zuwa ga salla, ya amsa. Ya naɗa Gurdamus liman, Lawal ladan, Auta mai yanka, shi Zaite kuma alƙali.

28/
Ina aka gina masallacin? A ƙarƙashin bishiyar nan. Ba a sare ta ba tukuna. Sarkin Garazawa da mutanensa suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da masallacin, har sai da aka sa masu gadi. Labarin ya ce Musulmi sun taru sun yi addu'a, masu aikin suka makance.

29/
Akwai saɓani a kan lokacin. Wani rubutu na ƙarni na 17 a kan asalin Wangarawa ya kai zuwan malamin nan zamanin Rumfa, wato sama da shekara 100 bayan abin da Tarihin Kano ya nuna. Ko ma wanne ne, littattafan biyu sun yarda ta hannun malaman Mali aka samu wannan alheri.

30/
Kada ku zaci daga nan shi ke nan. Bugaya ya tashi Maguzawa daga dutsen da suka taru, ya ce su bazu cikin ƙasa. Amma Kananeji (1390 zuwa 1410), da yaƙin Zazzau ya gagare shi, wurin masu tsohuwar al'ada ya koma neman taimako. Ɗan Yaji ne fa, wanda ya gina masallacin.

31/
Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), lokacin da Shehu Maghili ya zauna a Kano, aka sare bishiyar aka gina hasumiya a gurbinta, aka yi masallacin Juma'a. Rumfa ne kuma ya gina fadar da ake ciki har yau, ya kafa Kasuwar Kurmi.

32/
Ko bayan haka akwai Dirki: Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu, ana yi masa yankan shanu. Sarki Alwali (1781 zuwa 1807) ne ya sa aka fasa shi da gatari, aka ga abin da ke ciki. Shi ne sarkin Haɓe na ƙarshe, masu jihadi suka fitar da shi daga birni.

33/
Ku yi lissafi: daga hawan Yaji a 1349 zuwa ƙarshen Alwali a 1807, shekara 458 kenan. Musuluncin da muka buɗe ido muka tarar a Kano, wanda har muke ganin kamar haka aka halicci garin, wahalar malamai ce ta zuriya bayan zuriya. A gindin Dala aka fara wannan aikin.

34/
Mutanen Barbushe kuwa ba su ɓace ba, karkara suka koma. A 1938 zuwa 1939 wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawa a ƙauyukan yammacin Kano, ya fitar da littafi a kan addininsu a 1946. Shi ne daga baya ya shahara wajen rarraba harsunan Afirka gida-gida.

35/
Mu a Gwarzo da Kabo wannan ba labarin nesa ba ne. Mun ci kasuwa da Maguzawa, wasunmu in aka bi kakanni can za a tarar. Da yawansu sun musulunta, wasu sun zama Kirista. Idan kana zagin "arnan Dala" a ƙasan hoto, ka yi a hankali, kada ka zagi tsatsonka.

36/
Yanzu maganar hoto. Ba mu muka fara hawa Dala don kallon gari ba. A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya hau ya zana birnin daga sama. Ya ƙiyasta mazauna Kano 30,000, suna kaiwa 60,000 lokacin da fatake suka cika gari.

37/
Da ya koma Turai, wani mai zane, J. M. Bernatz, ya sake fitar da zanen da kyau aka buga a littafin tafiyarsa. Da wannan hoton Turawa da yawa suka fara ganin Kano. Kun ga tun a lokacin sai da hoto ya bi ta hannun mai gyara kafin ya isa ga masu kallo.

38/
Ga abin da ke damuna da hoton Dala. Kana tsaye, fuskarka ga kyamara, birni a bayanka. Dutsen da kansa ba ya fitowa, yana ƙarƙashin takalminka. A Bali madubi ke ƙara abin da babu. A Dala kuma kusurwar kyamara ke yanke abin da ke akwai.

39/
Me ake yankewa? Duk wanda ya hau ya gani: ledar fiya-wata, bola, wuraren da aka mayar makewayi, gefen dutsen da ruwan sama ke zaizayewa, gine-gine da suka matso har jikinsa. Sai mu juya waya ta ɗaya ɓangaren, mu sa tace hoto, mu rubuta "Kanon dabo".

40/
Ku tuna abin da na ce ku riƙe. Batu da Lempuyang suna da masu ibada da ke tsare su. Dala ba ta da masu bauta, kuma alhamdulillahi da hakan. Amma tunda masu asirin sun tafi, kulawar ta faɗo kan masu zuwa. Masu zuwa a yau kuwa mu ne, masu waya a hannu.

41/
Tun 2007 Najeriya ta saka ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita, har da Dala da Kasuwar Kurmi da gidan Sarki, a jerin jiran UNESCO na wuraren tarihin duniya. Jerin jira ne fa, ba a kai ga shiga ba. Wurin da masu shi suka wulaƙanta, baƙo ba zai daraja shi ba.

42/
Na san wani zai ce: malam, tarihin tsafi kake tallatawa. Ina girmama wannan damuwar. Amma sanin abu daban, yarda da shi daban. A Islamiyya an koya mana sunayen gumakan Larabawa da yadda aka rushe su, don mu gane girman abin da ya zo bayansu.

43/
Kuma wa ya adana mana labarin Barbushe? Malami Musulmi, da Larabci, a birnin da ke ƙarƙashin daular Sakkwato. Bai ga laifin rubuta shi ba. Ba don shi ba, da yau ba mu san sunan limamin da Yaji ya naɗa ba, balle wahalar da aka sha a kan masallacin farko.

44/
Don haka ba cewa nake a daina hoto ba, ni ma ina so. Abu uku nake roƙo. Ka sauko da sharar da ka hau da ita. Ka gaida mutanen unguwa, ka nemi izini kafin ka saka gidan wani ko 'ya'yansa a bidiyo. Sannan ka rubuta jimla ɗaya ta tarihi a ƙasan hoton.

45/
Jimla ɗaya ta isa. "A nan ake narka ƙarfe tun ƙarni na 7." Ko "Daga nan Barth ya zana Kano a 1851." Mutum ɗari biyar za su ga hotonka. In goma suka tsaya suka karanta, ka koyar da abin da wasunmu sai a jami'a suka fara ji.

46/
'Yan uwana na Gwarzo da Kabo, mu ma muna da namu. Masu jihadin Kano a Kwazazzabon 'Yar Kwando suka yi hijira, nan yammacin birni, kuma an gwabza a Godiya da Karaye. Ga kufai, ga ragowar ganuwa, ga tsofaffin rimaye da kukoki da kowa ke wucewa a kan babur.

47/
Wannan hutun, kafin ka tafi dam ɗaukar hoto, ka zauna da kaka ko wani dattijo a unguwarku. Ka ce: Baba, wane wuri ne a garin nan aka hana ku zuwa kuna yara, kuma me ya sa? Ka kunna rikoda a wayar. Dala ta samu mai rubuta nata, namu yana bakin tsofaffi, kuma suna tafiya.

48/
Nan zan tsaya. Wanda ya samo labarin wani dutse, kurmi ko kufai a garinsu ya ajiye mana a ƙasa, da sunan garin da hoton wurin, mu haɗa su waje guda. Ku yaɗa don wasu su amfana. Allah Ya jiƙan magabata na gari, Ya sa mu dace. 🤲🏾